Tarihin Gene Roddenberry, mutumin da ya ƙago Star Trek ya kuma bar masoyansa da gardama

Fiye da shekaru talatin ke nan da rasuwar Eugene Wesley Roddenberry, Ba'amurken nan da ya ƙago shirin talabijin na Star Trek, amma har yanzu ma'abota shirin ba su daina ja-in-ja ba a game da na'urorin da ya ƙirƙira. Suna gardama a kan ainihin gudun kumbon da ke cikin labarin, da lokacin da aka fara amfani da makami kaza, da kuma dalilin da ya sa abin da aka ce ba zai yiwu ba a wani kashi na shirin, sai ga shi ya yiwu a wani. Wanda bai san shirin ba zai yi mamakin ganin injiniyoyi da malaman jami'a suna ɓata lokacinsu wajen yin lissafi a kan injin da ba a taɓa ƙera shi ba. Dalilin hakan kuwa yana cikin tarihin rayuwar mutumin da kansa.

Mai sauraron tatsuniya ba ya tsayar da mai ba da ita domin ya tambayi yadda Gizo ya hau sama ya dawo kafin gari ya waye, saboda tun daga farko an yi ittifaƙi cewa a duniyar tatsuniya babu abin da ya gagara. Ƙagaggen labarin kimiyya ya sha bamban da haka, domin shi yana iƙirarin cewa abubuwan mamakin da ke cikinsa suna bin wata ƙa'ida. Makaranta Hausa sun ɗanɗani irin wannan adabi tun a shekara ta 1969, lokacin da aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya. Sai dai wancan littafi ne guda ɗaya daga alƙalamin mutum ɗaya. Shi kuwa Roddenberry ya kafa labarin da ɗaruruwan marubuta suka riƙa ɗorawa a kai har kusan shekaru sittin, bayan ya riga ya yi wa masu kallo alkawarin cewa komai yana da ƙa'ida.

Ƙuruciya da yaƙi

An haifi Gene Roddenberry ne a ranar 19 ga watan Agustan shekara ta 1921 a garin El Paso da ke jihar Texas ta ƙasar Amurka. A shekara ta 1923 iyayensa suka yi ƙaura zuwa birnin Los Angeles, inda mahaifinsa ya kama aikin ɗan sanda. A can ya yi karatunsa, ya kuma tashi da son karance-karancen mujallun labaran sararin samaniya masu arha da ake sayarwa a wancan zamani. Ya shiga kwaleji da niyyar bin sawun mahaifinsa, to amma sai sha'awar jiragen sama ta rinjaye shi, har ya samu lasisin tuƙi.

A watan Disamban 1941, kwanaki kaɗan bayan harin da Japan ta kai a Pearl Harbor, ya shiga rundunar mayaƙan sama ta sojojin Amurka, aka kuma tura shi yankin tekun Fasifik yana tuƙa jirgin yaƙi samfurin B-17. A watan Agustan 1943 jirgin da yake tuƙawa ya zarce titin tashi a tsibirin Espiritu Santo ya faɗa cikin itatuwa, mutane biyu daga cikin abokan aikinsa suka hallaka. Binciken da aka gudanar ya wanke shi daga laifi, kuma daga bisani shi kansa aka ɗora masa aikin binciken haɗurran jiragen sama a cikin Amurka.

Bayan kammala yaƙin ya koma aiki da kamfanin jiragen fasinja na Pan American. A watan Yunin 1947 yana cikin wani jirgin kamfanin da ya taso daga Karachi zuwa Istanbul, sai ɗaya daga cikin injunan ya lalace, wani kuma ya ɗau zafi har ya kama da wuta, jirgin ya faɗi cikin dare a hamadar Siriya. Sama da mutum goma ne suka rasa rayukansu. Roddenberry, wanda ya samu karaya a haƙarƙari, ya taimaka wajen fitar da fasinjoji daga cikin wutar, ya kuma jagoranci waɗanda suka tsira har taimako ya iso. A shekarar da ta biyo baya ya ajiye aikin tuƙi. Mutumin da ya ga irin wannan, ya san cewa kowane inji yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma wannan sani ya bi shi har cikin rubuce-rubucensa.

Daga aikin ɗan sanda zuwa rubutu

A shekara ta 1949 ya shiga rundunar 'yan sandan Los Angeles, inda sannu a hankali ya zama mai rubuta wa shugaban rundunar, William Parker, jawabai. A lokaci guda kuma yana sayar wa gidajen talabijin labarai a ƙarƙashin sunan aro na Robert Wesley. Da ya ga abin da rubutu ke kawo masa ya zarce albashinsa, sai ya yi murabus a shekara ta 1956. Ya yi suna wajen rubuta labaran kaboyi, musamman a shirin Have Gun Will Travel, sannan a shekara ta 1963 ya fito da shirinsa na kansa mai suna The Lieutenant, wanda ya shafi rayuwar sojojin ruwa. Wani kashi na shirin da ya taɓo batun wariyar launin fata ya haɗa shi rigima da hukumomin soja, kuma shirin bai wuce zango guda ba.

Darasin da ya ɗauka daga nan shi ne, masu gidajen talabijin da masu ba su talla ba za su bar shi ya yi magana kai-tsaye a kan wariya da yaƙi da mulkin danniya ba. Amma idan ya kai labarin wata duniya mai nisa, ya ɗora shi a kan wasu halittu masu launin fata dabam, to zai iya faɗin abin da yake so ba tare da an toshe masa baki ba. Wannan ne asalin Star Trek. Abin da ya fi damunsa tun farko shi ne saƙon da ke cikin labarin, na'urorin kuwa hanya ce kawai ta isar da shi.

A watan Maris na 1964 ya rubuta tsarin shirin, kamfanin Desilu na 'yar wasan barkwanci Lucille Ball ya karɓa, gidan talabijin na NBC kuma ya biya kuɗin kashin gwaji, wanda ya lashe fiye da dala dubu 600. NBC ta ƙi amincewa da shi bisa hujjar cewa ya yi zurfin tunani da yawa, amma ta yi abin da ba a saba ba, wato ta ba da damar yin gwaji na biyu. A ranar 8 ga watan Satumban 1966 aka fara nuna shirin a Amurka, William Shatner yana fitowa a matsayin Kyaftin Kirk na kumbon Enterprise, Leonard Nimoy kuma a matsayin Spock. A cikin manyan jami'an kumbon akwai baƙar mace mai suna Uhura, sunan da aka samo daga kalmar Swahili mai nufin 'yanci, da ɗan asalin Asiya, daga baya kuma aka ƙara da ɗan Rasha, alhali ana tsakiyar yaƙin cacar baka.

Na'urorin da ƙarancin kuɗi ya haifar

Roddenberry ya dage a kan cewa dole ne mai kallo ya yarda kumbon nan zai iya tashi. Ya umarci mai zana shi, Matt Jefferies, wanda shi ma ya yi aiki a jiragen yaƙi, da ya guji siffar roka mai fitar da wuta da hayaƙi irin ta finafinan da suka gabata. Ya nemi shawarar wani masanin kimiyyar fiziya na cibiyar bincike ta RAND mai suna Harvey Lynn, kuma akwai wani ofishin bincike da ke duba kowane labari kafin a ɗauka. A kashin gwaji na farko bindigogin ma'aikatan kumbon na hasken leza ne, amma da yake an riga an ƙera leza ta gaskiya tun shekara ta 1960, kuma nan gaba kaɗan kowa zai san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, sai aka sauya ta da ƙagaggen makami mai suna feza. Haka nan ma'adinin da ke sarrafa ƙarfin injin, da farko an kira shi litiyam, wanda sinadari ne sananne, daga baya aka mayar da shi dailitiyam, wanda babu mai iya ƙaryata halinsa.

A ɗaya ɓangaren kuma yana da wata ƙa'ida da ya gindaya wa marubutansa, wadda ke da alaƙa da tsohon aikinsa: ɗan sanda a cikin fim ba ya tsayawa ya yi bayanin yadda bindigarsa ke aiki kafin ya harba, don haka su ma ma'aikatan kumbon su yi amfani da na'urorinsu kawai ba tare da sharhi ba. Waɗannan ƙa'idoji biyu, wato a sa mai kallo ya gaskata amma kada a yi masa bayani, su ne suka bar giɓin da masoya suka shiga cikewa da nasu lissafin.

Gaskiyar lamarin kuwa ita ce, da yawa daga cikin na'urorin aljihu ne ya haife su. Kowane kashi na zangon farko an ware masa kimanin dala dubu 190, kuɗin da ba zai isa a riƙa nuna saukar ƙaton kumbo a sabuwar duniya kowane mako ba. Maganin da aka samo shi ne na'urar cillawa, wadda ke narkar da mutum ya ɓace a nan ya bayyana a can, kuma ƙyalƙyalin da ake gani a lokacin, garin ƙarfen alminiyam ne aka ɗauki hotonsa a gaban fitila. To sai dai na'urar da za ta iya ɗauke jarumi daga kowane irin haɗari cikin daƙiƙa ɗaya tana kashe labari, saboda haka sai marubuta suka riƙa ƙirƙiro dalilan lalacewarta a duk lokacin da suke son jarumin ya sha wuya. Abin da ya hana ta aiki a wannan mako, ba lalle ne ya hana ta a mako mai zuwa ba.

Lissafin da ya ƙi fita

Babbar gardamar dai a kan gudu take. Haske na tafiyar kimanin kilomita dubu 300 a cikin daƙiƙa guda, kuma duk da haka yana buƙatar fiye da shekaru huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa da rana. Ilimin kimiyya ya nuna cewa babu wani abu mai nauyi da zai kai gudun haske. Domin kauce wa wannan shinge sai aka ba kumbon injin da ke naɗe sarari, tare da ma'aunin gudu da ake kira waf. Ƙa'idar da ta shahara ita ce a ninka lambar da kanta sau uku: waf 2 na nufin gudun haske sau 8, waf 6 sau 216, waf 8 kuma sau 512.

A wani kashi da aka nuna a watan Janairun 1969, an jefa Enterprise nisan shekarun haske 990 da ɗoriya, sai aka ji ma'aikatansa na cewa a kan waf 8.4 za su isa inda suka nufa cikin sa'o'i goma sha ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya ɗauki alƙalami zai ga cewa bisa waccan ƙa'ida tafiyar ta kusa watanni ashirin. Misalin abin shi ne direban da ke lodi daga Achilafiya zuwa Kano ya gaya wa fasinjojinsa tsawon lokacin da tafiyar ke ci, sannan washegari, da motar nan da gudun nan, ya ce ya isa kafin ya gama tauna ɓarin goro. Ba mai jin haka ya yi shiru. A wannan kashi kuma an nuna kumbon ya haura waf 14, alhali an sha faɗa cewa wuce waf 8 haɗari ne.

Irin wannan ce ta faru da kalandar taurari, wato lambobin da kyaftin ke ambatawa a farkon kowane kashi a maimakon kwanan wata. An ƙirƙiro su ne domin kada a ɗaure labarin da wata shekara takamaimai. Da yake ba a nuna kashe-kashen bisa jerin da aka ɗauke su ba, sai lambobin suka riƙa yin gaba suna dawowa baya, wasiƙun tambaya kuma suka yi ta kwararowa. Roddenberry ya ba da amsar cewa lambar na sauyawa ne gwargwadon gudun kumbon da wurin da yake a sararin samaniya. A cikin littafin The Making of Star Trek na shekara ta 1968, wanda suka fitar tare da Stephen Whitfield, ya amsa da bakinsa cewa shi ma bai tabbatar da abin da yake nufi da wannan bayani ba, ya dai yi sa'a mutane sun karɓa.

Masoya sun karɓi ragama

Shirin bai samu yawan masu kallon da NBC ke buƙata ba. Dubban wasiƙun da masoya suka aika sun taimaka aka yi zango na uku, amma da aka mayar da shi ƙarfe goma na daren Juma'a aka kuma rage masa kuɗi, sai Roddenberry ya janye daga gudanar da shi na yau da kullum. An rufe shirin a ranar 3 ga watan Yunin 1969 bayan kashi 79, makonni kaɗan kafin ɗan Adam ya taka duniyar wata.

Maimaita shirin da ƙananan tashoshi suka riƙa yi kusan kullum a shekarun 1970 shi ne ya sauya komai. Marubutan sun yi aikinsu ne da zaton za a kalli kowane kashi sau ɗaya ko biyu a manta, sai ga mutanen da suka kalle shi sau goma suna riƙe da littafin rubutu. A watan Janairun 1972 kimanin mutane dubu uku suka halarci babban taron masoya a New York. A shekara ta 1975 wani mai zanen injiniya, Franz Joseph, ya wallafa taswirar kumbon hawa-hawa da kuma littafin bayanin na'urorinsa, wanda ya shiga sahun gaba na littattafan da aka fi saye a Amurka. A watan Satumban 1976 kuma hukumar NASA ta fito da kumbonta na gwaji mai suna Enterprise, bayan da wasiƙun masoya suka isa ga shugaba Gerald Ford, kuma Roddenberry na cikin waɗanda suka halarci bikin. A waɗannan shekaru, da yake sauran shirye-shiryen da ya gwada ba su yi nasara ba, laccocin da yake gabatarwa a jami'o'i da tarukan masoya su ne suka riƙe shi.

Sabuwar doka da soke tsohuwa

A watan Disamban 1979 aka fitar da fim ɗin Star Trek na farko a gidajen siniman Amurka. Da kuɗi suka samu, sai siffar abubuwa ta sauya. Kumbon ya zama sabo, wanda labarin ya bayyana da cewa gyara aka yi masa, amma abokan gaba da ake kira Klingon, waɗanda a da fuskarsu irin ta mutane ce, sai ga su da tudu-tudu a goshi ba tare da wani bayani ba. Matsayin Roddenberry shi ne, dama haka ya so su kasance, rashin kuɗi ne ya hana. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba, har sai da aka shirya kashi biyu a shekara ta 2005 domin a danganta sauyin da wata cuta. Fim ɗin ya ci fiye da dala miliyan 40, lamarin da ya sa kamfanin Paramount ya karɓe ragamar finafinan da suka biyo baya daga hannunsa, ya bar shi da matsayin mai ba da shawara.

Ya sake samun iko a shekara ta 1987 da sabon shirin The Next Generation, wanda labarinsa ke faruwa kimanin ƙarni guda bayan zamanin Kirk. A nan ya yanke hukuncin cewa waf 10 ita ce iyaka, babu mai kai ta, kuma ma'aikatansa biyu, Michael Okuda da Rick Sternbach, suka sake tsara ma'aunin baki ɗaya, ta yadda waf 9 ta zama gudun haske sau 1,516. Su ne kuma suka wallafa littafin bayanin na'urorin sabon kumbon a shekara ta 1991. Da masana suka nuna cewa na'urar cillawa ta saɓa wa ƙa'idar Heisenberg, wadda ta ce ba a iya sanin mazaunin ƙwayar zarra da saurinta daidai a lokaci guda, sai kawai aka ƙago wani sashe a cikin na'urar da aka ce shi ke magance matsalar. Da aka tambayi Okuda yadda sashen ke aiki, amsar da ya bayar cikin raha ita ce yana aiki lafiya lau.

A wannan lokaci ne Roddenberry ya ɗauki ɗabi'ar tantance abin da ya inganta a cikin tarihin labarin da abin da bai inganta ba. Ofishinsa ya fitar da shirin zane mai motsi na 1973 zuwa 1974, mai kashi 22, daga cikin ingantattu, duk da cewa da sunansa aka yi shi. An jingine littattafan Franz Joseph. Ya kuma nuna rashin amincewa da wasu sassa na fim na biyar, na shekara ta 1989, wanda a cikinsa Enterprise ya isa tsakiyar gungun taurarinmu, nisan shekarun haske kusan dubu 26, cikin ɗan lokaci kaɗan. Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana cewa idan tsohon shiri ya ci karo da sabo, to sabon yake bi. Ke nan mutumin da masoya ke kafa hujja da shi wajen neman daidaito, shi kansa bai ɗauki abin da ya gabata a matsayin abin da ba a taɓawa ba.

Halayensa da rasuwarsa

Tarihin Roddenberry bai rasa tabo ba. Abokan aikinsa da dama sun zarge shi da karɓar yabo a kan aikin wasu. Gene Coon ne ya ƙago Klingon, Dorothy Fontana kuma ta gina mafi yawan abin da aka sani game da asalin Spock. Ya rubuta baitocin da ba a taɓa rerawa a shirin ba, ya ɗora su a kan kiɗan da Alexander Courage ya tsara, domin ya samu rabin kuɗin haƙƙin mallaka. Ya yi doguwar rigima da marubuci Harlan Ellison saboda sauya masa labari. Shaye-shaye ya taɓa lafiyarsa, aurensa na farko kuma ya mutu a shekara ta 1969, inda ya auri 'yar wasa Majel Barrett, wadda ita ce muryar kwamfutar kumbon. Ya tashi a gidan Kiristoci mabiya ɗariƙar Baptist, amma daga baya ya juya wa addini baya, kuma wannan ra'ayi nasa ya fito a wasu sassan shirin.

Daga shekara ta 1989 ciwon shanyewar jiki ya raunana shi, Rick Berman ya ci gaba da tafiyar da shirin. Ya rasu sakamakon bugun zuciya a garin Santa Monica a ranar 24 ga watan Oktoban 1991 yana da shekaru 70. An ƙona gawarsa, aka kuma tafi da wani ɓangare na tokar zuwa sararin samaniya a cikin kumbon Columbia a shekara ta 1992.

Gardamar da ta biyo bayansa

Rasuwarsa ta tafi da alƙalin da ake kai wa ƙara, gardamar kuwa sai ta ƙaru. A shekara ta 1994 aka ji ana ambaton waf 13 a kashin ƙarshe na The Next Generation. A shekara ta 1995 aka gina shirin Voyager a kan cewa kumbon da ya ɓace a nisan shekarun haske dubu 70 yana buƙatar shekaru 75 kafin ya dawo gida, wanda bisa wannan lissafi tafiyar da aka yi a fim na biyar za ta ci fiye da shekaru ashirin da biyar. A shirin asali, a shekara ta 1966, an nuna na'urar da ke ɓoye kumbo tamkar layar zana a matsayin sabon abu da ya ba Spock mamaki, amma shirin Enterprise da aka fara a 2001 ya nuna ta tana aiki ƙarni guda kafin wannan lokaci. Shirin Discovery na 2017, wanda labarinsa ya riga na Kirk da kimanin shekaru goma, ya zo da injin da ke tsallaka kowane nisa nan take, har sai da marubutansa suka rufe zango na biyu da cewa an mayar da batun injin sirrin da aka haramta ambata.

Akwai kuma dalilin da ya fi ƙarfin kowane marubuci, wato ci gaban fasahar gaskiya. Kwamfutar da aka yi hasashe a 1966 tana da maɓallai masu ƙara da fitilu masu ƙyaftawa, alhali wayar salular da ke aljihun ɗan kasuwa a yau ta fi ta ƙanƙanta da kyan allo. Mai shirya sabon kashi yana tsakanin abu biyu: ya kwaikwayi tsohuwar siffa sababbin masu kallo su yi dariya, ko ya sabunta ta tsofaffin masoya su ce ya ci amana. Wannan matsala ba ta Star Trek kaɗai ba ce. A shekara ta 2014 kamfanin Lucasfilm ya fitar da littattafan Star Wars na shekaru masu yawa daga cikin ingantaccen tarihin labarinsa domin ya samu sararin yin sababbin finafinai.

Ra'ayin masoya ya kasu gida biyu. Wasu na ganin cewa idan babu tabbatacciyar iyaka ga abin da inji zai iya yi, to haɗarin da jarumi ya shiga ba shi da ma'ana, tunda marubuci zai iya ƙago mafita a duk lokacin da ya so. Wasu kuma na cewa Roddenberry ya kafa shirin ne domin magana a kan halin ɗan Adam, kuma mai ƙidayar shekarun haske ya bar jaki yana dukan taiki. Kowane ɓangare yana da hujja daga rayuwarsa, domin matuƙin jirgin da ya nemi shawarar masana da marubucin da ya soke abin da ya rubuta jiya mutum ɗaya ne.

Ko ma dai wane ne ke da gaskiya, wannan ɗabi'a ta bin diddigi ta haifar da abin da ya wuce nishaɗi. A shekara ta 1994 masanin fiziya ɗan ƙasar Meziko, Miguel Alcubierre, ya wallafa wani nazari a kan yadda za a iya naɗe sarari ba tare da saɓa wa lissafin Einstein ba, ko da yake hakan na buƙatar wani irin makamashi da ba a san hanyar samar da shi ba. A shekara ta 1995 Lawrence Krauss ya rubuta littafi sukutum yana auna na'urorin shirin da ma'aunin kimiyya. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a shekara ta 1992, ta sha bayyana cewa ganin Uhura ya ƙarfafa mata gwiwa tun tana yarinya. Sarki Abdallah na biyu na Jodan ma, tun yana yarima, ya fito na ɗan lokaci a wani kashi na Voyager a shekara ta 1996 saboda ƙaunar da yake yi wa shirin.

Roddenberry ya nemi masu kallo su ɗauki ƙagaggen kumbonsa da muhimmancin da ake ba jirgin gaskiya, su kuma suka amsa masa fiye da yadda ya zata. Kamfanin Paramount ne ke da haƙƙin mallakar shirin, amma duk marubucin da ya zauna zai ƙara wa labarin wani kashi, ya san akwai dubban mutane a sassa dabam-dabam na duniya da ke jiransa da alƙalami da takarda.